Babban Yatsan Alhaji Ɗalhatu

"Sake faɗa, ban gane ba," in ji Labaran, karo na uku ke nan.

Yana tsaye a ƙofar maƙwabcinsa Alhaji Ɗalhatu, hawa na huɗu a wani tsohon bene na Bur Dubai, takalman 'yan ta'aziyya sun cika baranda. Jiya bayan la'asar Alhaji Ɗalhatu ya dawo daga masallaci, ya ce wa matarsa Saratu ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Mu'awiya, sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, ya ja shi gefe ya sake bayani. Kwantenar albasa ce a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ta manoman Aliero da na Galmi da ke tsallaken iyaka. Shekara biyu Ɗalhatu yana zarya tsakanin jami'an gwamnatoci da 'yan kasuwa har aka yarda a gwada: takarda ɗaya ta wuce da kayan ƙasashe biyu, ba sai kowace iyaka ta sauke ta duba ba. Wannan ce kwantenar farko. In ta kai kasuwa lafiya, a ci gaba. In ta ruɓe a tasha, khalas, shi ke nan, kowa ya koma gidan jiya.

"To ni mene ne nawa a ciki? Ni fa shadda nake saye, Mu'awiya. Albasa ko a miya tsince ta nake yi."

"Izinin fitar da ita yana cikin wayar Alhaji, shi kaɗai ke dannawa. Mai sayen kuma ya ce gobe da azahar ya gama jira."

"A buɗe wayar mana."

"Da babban yatsansa take buɗewa."

Allah ya jiƙan Ɗalhatu, mutum ne na mutane, amma kash, irin 'yan kasuwar nan ne na da, komai a kansa yake ajiyewa. Mataimaki ma ba shi da shi, balle wanda ya san lambar sirri. Sauya sunan mai izini kuwa sai an bi ofisoshin ƙasashe uku, albasa kuma ba ta iya jiran layi ba.

"Hajiya ta ce kai za ka shiga wankan gawa gobe," Mu'awiya ya ce, ya sunkuyar da kai. "Shi ya sa na zo maka."

"Inna lillahi! Kana nufin in kama hannun mamaci in..."

Saratu ce ta miƙo masa wayar ta bayan labule, naɗe cikin hankici. Muryarta ta dushe.

"Malam Labaran, na gwada ranar haihuwar 'yarmu, na gwada lambar gidanmu na Fagge, duk ta ƙi."

"Hajiya, abin nan ya halatta kuwa?"

"Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, ranar da jirgin ya taso daga Legas, Alhaji rawa ya taka a falon nan, da furfurarsa. Ya ce mutanen ƙauyensu sun daina zubar da albasa a rami."

Labaran ya kira malaminsa na Kano. Malam ya ce bai taɓa cin karo da irin wannan ba, sai ya duba. Ya kira wani, wannan ya ce cin mutuncin gawa ne. Na ukun ya ce amana ce ta jama'a, wajibi ma. Bawan Allah ya ƙara rikicewa. Tsoro yake ji, ba kaɗan ba, ga kuma haushin Ɗalhatu da ya tafi ya bar masa wannan aiki, ga kunyar jin haushin mamaci.

Washegari da hantsi suka isa wurin wankan gawa a Muhaisnah. Ɗaki ne mai sanyi, farin tayil har sama, sai warin kafur. Mai wankan wani dattijo ne ɗan Sudan. Labaran ya nuna masa wayar, ya yi masa bayani da guntun Larabcinsa, rabi da hannu. Ko dattijon ya gane ko bai gane ba, oho, ya dai juya baya yana haɗa ruwa.

Shekara tara suna gaisawa da hannun nan a bakin lif. Yau ya ɗago shi, ya ji shi da nauyi, da sanyi kamar an ciro shi daga randa.

"Alhaji, ka yafe mini," ya ce a hankali. "Albasarka ce."

Ya ɗora yatsan. Wayar ta girgiza, ta ƙi. Ya goge gilashin da gefen rigarsa ya sake, ta ƙi. Ko na hagu ne? Ya zagaya ya gwada na hagu, haka. Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin. Sai ya raya a ransa ko ɗumi yatsan yake so. Ya dawo dama, ya sa shi tsakanin tafukansa yana murzawa, yana hura masa iskar baki yadda ake yi wa jariri.

Ya gwada na ƙarshe. Wayar ta daina neman yatsa, ta fito da gurbin lambobi shida na sirri, waɗanda babu wanda ya sani.

Ya ajiye ta a kan benci. A waje Mu'awiya yana jira, kuma Labaran bai san abin da zai faɗa masa ba, bai ma san ko laifi ya yi yanzu ko lada ya samu ba. Hawaye ne kawai suke zuba, bai san lokacin da suka fara ba.

"Yalla, ya haj," in ji dattijon, wato a fara, buta a hannu.

Labaran ya gyaɗa kai, amma bai saki hannun Alhaji ba. Dattijon ya dube shi, ya yi bismilla, ya karkata butar, ruwan ɗumi ya bi ta kan hannuwan biyu, na Labaran da na mamacin, yana sauka a kan tayil.