Huda a ƙarƙashin kamiyo

Alhaji Mijinyawa, mai saida katako a kasuwar Katako, shi ya ba Zeinabu da 'ya'yanta uku ɗakin da ke bayan magazansa, inda yake ajiye kaya. Yaƙin Sudan ne ya koro su, mijinta ya mutu a hanya. Kakanninta Hausawa ne, shi ya sa suna jin juna da Alhaji, ko da yake Hausarta cike take da Larabci.

Wata Talata da hantsi, ana cikin lodi, tayar wani kamiyo, babbar motar kaya, ta fashe. Mutane suka zabura, sannan suka yi dariya, kowa ya koma kan aikinsa. Sai ga Zeinabu ta fito ba ɗankwali, tana cewa ba ta ga Huda ba, autarta mai shekara biyar.

Alhaji ya ce ta kwantar da hankalinta, yanzu za a ƙwala mata kira.

"Ba za ta amsa ba, Alhaji," in ji ta. "Ni na koya mata. Na ce in ta ji bindiga ta shige ƙarƙashin wani abu ta yi shiru, ko muryata ta ji."

Alhaji ya waiga ya dubi motocin. Kamiyo bakwai ne a layin, uku sun gama lodi, injinsu na ruri. Ya ruga tsakiyar hanya ya ɗaga hannuwa, yana roƙon direbobi su kashe. Wani ya zage shi, ya ce a Dosso ake jiransa. Alhaji dai bai gusa ba.

Dattijo mai ciwon gwiwa, haka ya dinga rarrafe cikin garin katako da baƙin mai, yana leƙawa. A ƙarƙashin na biyar ya gan ta, a dunƙule jikin tayoyin baya, ta toshe kunnuwa. Direban ya riga ya sa giya kafin a tsaida shi.

Ta ƙi fitowa. Sai da uwar ta shiga ta kwanta kusa da ita, tana yi mata magana a hankali, har aka kira azahar.

Da la'asar Alhaji ya kwashe su zuwa gidansa na unguwar Kalley, matarsa Delu ta share musu ɗakin baƙi. Ta kawo masa tuwo ya kasa ci.