Waƙar da Ba Ta Zagi Douwe Ba

Tun ranar biyar ga Disambar bara Rosalba take ɗauke da Douwe a zuciya, ba ta sauke shi ba ko ranar hutu. Da shekara ta zagayo, kantunan garin Leeuwarden suka fara jera cakulan masu siffar haruffa a bayan gilashi, ta tsaya da kekenta a cikin yayyafi ta dube su, ta ce a ranta, to, lokaci ya yi.

Daga Cali ta zo, can ƙasar Kolombiya, koyar da Sifaniyanci a wata sakandare da ke bakin gari. Ta kama ɗaki a saman benen Aukje, malamar ilimin halittu wadda ta kusa ritaya. Ba ta fi wata uku da zuwa ba aka yi bikin Sinterklaas na malamai, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya ce ga yadda abin yake. Iyakar abin da ta sani, an zuba sunaye a hula, kowa ya zari ɗaya, zai yi wa mai sunan kyauta a ɓoye haɗe da waƙa. Ba a gaya mata waƙar ta tsiya ce ba. Ba a gaya mata wanda aka yi wa ne zai miƙe ya karanta da bakinsa ba, in ya gama kuma ya ce, "Na gode, Sinterklaas," don wai shi Sinterklaas ɗin, tsohon waliyyi mai jar alkyabba, shi ne ya rubuta.

Douwe, malamin tarihi, shi ya zari sunanta. Dogo ne mai dariya da dukan tebur, irin mutumin da in ya shigo ɗakin malamai kowa sai ya ajiye burodinsa ya saurara, ko yana so ko ba ya so. Ya lura cewa a harshen mutanen garin kalmar haya da kalmar karuwa ba abin da ya raba su sai ɗan murɗa leɓe, leɓen Rosalba kuwa bai koyi murɗawar ba tukuna. Sai bawan Allah ya zauna ya ƙera doguwar waƙa, kowane baiti da haya a cikinsa. Haya a gidan Aukje, haya mai arha, haya duk ƙarshen wata.

Ta miƙe ta karanta tana murmushi. Ɗaki ya kece da dariya, ita ma ta taya su, a zatonta lafazinta kawai ake yi wa. Ta gama, ta ce na gode har da ɗan rusunawa. Sai a kan matakalar gida Aukje ta gaya mata abin da ta yi ta kiran kanta a gaban mutane.

Da abin ya tsaya a nan, da ta haɗiye. Amma Douwe ya ɗauka a waya, ya tura wa malamai, daga nan ya zille ya faɗa hannun ɗalibai. Har aka fita hunturu, ba ajin da za ta shiga wani bai ɗaga hannu ba, fuska kamar ta salihi, ya ce, "Malama, don Allah yaya ake cewa haya da Sifaniyanci?" Ita da ta yi shekaru tana koyarwa a garinsu ba ɗalibin da ya taɓa kallon tsakiyar idonta, sai ga ta tana tsayawa a bakin aji tana jan numfashi kafin ta murɗa ƙofa.

Ta same shi a gaban injin kofi ta yi masa magana. Ya buɗe hannuwa.

"Ni kuma? Haba Rosalba. Sinterklaas ne. Ai ɗan ƙasarku ne ma, daga Sifaniya yake zuwa, ku je ku sasanta."

Ta sha gaya masa ita ba 'yar Sifaniya ba ce. Ranar ba ta maimaita ba. Ta ɗauki kofinta ta wuce, daga nan ta fara sa masa ido.

Shekara guda tana kallonsa, ba abin da ya wuce ta. Ta ga yadda yake zuƙe madarar mutane a firji ya mayar da kwalin. Ta ga gemun da yake wayar gari baƙi ƙirin ranar Litinin, kafin Juma'a furfura ta leƙo. Ta ga matsattsen wandon tseren keke da yake zuwa da shi, tumbi a gaba. Ta ji labarin matarsa Marrit, wadda ta tattara kayanta ta bi wani mai gyaran jiragen ruwa. A gida kuma, kullum da safe, tana gaban madubi tana murɗa leɓe, har kalmar haya ta zauna mata daram.

Da aka zari sunayen bana, shugabar makaranta ta faɗo mata. Aukje ce ta sami Douwe. Musanya haramun ce a dokar wasan, kowa kuma yana yi. Rosalba ta roƙe ta a teburin kicin, ta haɗa da alkawarin share dusar ƙanƙarar ƙofar gida har ƙarshen sanyi, Aukje ta turo mata 'yar takardar ba tare da ta tambayi dalili ba.

Mako biyu tana aikin. Ta ƙera keke da kwali da gam, ta yi masa tumbi, a cikin tumbin za a ɓoye kyautar. Waƙar kuwa ta cika shafi uku. Ana saura kwana biyu biki ta sauko da ita don Aukje ta gyara mata nahawu. Ta tsaya a tsakar kicin ta karanta:

"Douwe gwanin keke, tumbi ya riga shi gaba,
Madarar wani a firji, bai taɓa tambaya ba,
Gemu ya sha baƙin rini, furfura ba ta ji ba,
Matar gida ta gudu, shi bai gama labari ba."

Aukje ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido da bayan hannu.

"'Yar nan, ashe sonsa kike yi?"

"Sonsa? So nake ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige."

"To kin ɓata hanya. Wannan waƙar, gilashi zai sa mata ya rataye a bango. Kin taɓa shiga kicin ɗinsa? Bango guda waƙoƙin da aka zage shi ne, tun shekarar da ya kama aiki. Tunda Marrit ta tafi, su yake nuna wa baƙi."

"Har da zancen matar?"

"Shi ma zai fi so. Mu nan, in mutum ya hana kansa barci yana neman kalmar da za ta dace da tumbinka, to ya ɗauke ka mutum."

Rosalba ta zauna a hankali. "Wato ni bara ƙauna aka nuna mini kenan."

Aukje ta daina dariya. "Waƙar, wataƙila. Ɗaukar da ya yi a waya kuwa rashin mutunci ne, kuma na gaya masa ido da ido." Ta zuba musu shayi, ta tura mata farantin 'yan biskit masu kanumfari. "Ni a rayuwata waƙa ɗaya ce ta taɓa sa ni kuka. Ƙanwar mijina ce ta yi ta. Baiti huɗu, wai ni mutuniyar kirki ce, a sha biki lafiya. Da sabulun wanka a takardar kanti. Na daɗe a cikin danginsu, na haifa musu 'ya'ya, amma matar nan ba ta ga komai a jikina ba, ko abin tsokana. Na karanta, na ce na gode, na shiga banɗaki. Har ta mutu ban yafe mata ba."

Rosalba ta dubi shafukanta. Can ta ninke su, ta sake ninkewa, ta tashi ta buɗe murhun itace ta jefa.

"Rosalba," in ji Aukje. "Ban gaya miki don ki yi ba."

"Na sani."

"Mutumin nan shi kaɗai yake zaune yanzu."

"Ni ma ni kaɗai nake tsayawa a gaban aji."

Washegari ta taka keken kwalin da ƙafa ta kai shi kwandon takardu.

Ranar bikin, tun kafin a tashi daga makaranta duhu ya fara sauka. Aka jawo tebura gefe, aka kunna 'yan kyandira, ƙamshin koko ya cika ɗakin malamai, rigunan ruwa na ɗiga a jikin ƙofa. Buhunan kyaututtuka na tsakiya. Malamin motsa jiki sai da ya naɗe hannun riga ya tona bokitin maɗi da dusar katako kafin ya kai ga tasa kyautar. Shugabar makaranta ta karanta yadda aka yi mata tas a kan tarurrukanta da ba sa ƙarewa, tana karantawa tana riƙe ciki, da ta gama ta rungume takardar a ƙirji.

Rosalba ma ta sami tata. Wani ya tsokane ta da riga biyu da take sawa a cikin ɗaki mai ɗumi, da yadda take kallon kofinsu kamar an ba ta ruwan wanke kwano. An saka kalmar haya sau ɗaya, ƙila don gwaji. Ta murɗa leɓe ta furta ta tsaf, idonta a kan Douwe. Aka tafa mata.

Douwe kullum shi ake bari ƙarshe, don waƙar da ake yi masa ce ke tashin ɗaki. Tun kafin a kira shi yake murza hannuwa. Ya miƙa wayarsa ga wata malamar lissafi.

"Ɗauka mini, Femke. Kada ki yanke kaina kamar bara."

Aka zura hannu a gindin buhu aka fito da wani ɗan ƙunshi, a takardar kanti, da tambarin kantin a manne. Ya juya shi yana dariya.

"Ƙarami ne. Irin waɗannan su ne masu dafi."

Ya yage. Cakulan ne mai siffar harafi, amma ba D na sunansa ba. S ne, na sunan waliyyin, wanda ake saya in ba a damu da wanda za a ba wa ba. Ya ɗaga shi aka yi 'yar dariya, ana jiran ma'anar ta fito a waƙa. Ya warware takardar, ya gyara murya, ya soma da muryar nan tasa ta mai wasan kwaikwayo:

"Sinterklaas ya zauna ya yi tunani,
Me zai ba abokin aiki a wannan zamani.
Mutum ne mai kirki, kowa ya sani."

Ya tsaya a nan, ya ɗaga gira, ya dubi mutane yana murmushi, wato ga shi nan tafe. Wasu har sun buɗe baki.

"Ga ɗan cakulan, da fatan zai yi amfani."

Shi ke nan. Ya juya takardar, bayanta fari fat. Ya sake juyo ta. Ya ɗauki takardar kantin ya karkaɗe, ya leƙa cikin kwalin cakulan. Ko sunansa babu a waƙar. Da an ba wa mai gadi ko mai kawo wasiƙu, da ta yi musu daidai.

Ɗaki ya yi tsit. Wani ya yi tari. Femke ta sauke wayar a hankali ta kife ta a kan tebur. Kunnuwan Douwe suka yi ja, jan ya gangaro har wuya, murmushin kuma ya ƙi tafiya, ya tsaya masa a fuska ba shi da wurin zuwa.

"To, madalla," in ji shugabar makaranta. "Douwe?"

Doka doka ce, shi ya fi kowa saninta.

"Na gode, Sinterklaas," ya ce, da wata murya da ba a san yana da ita ba.

Daɗi ya ratsa Rosalba har tafin ƙafa. Ba tausayi ba, ba nadama ba, daɗi zalla. Ta ɗauki kokonta ta kurɓa, ba ta dubi ɓangaren da Aukje take ba.

Da aka watse ta same shi a rumfar kekuna, yana ta fama da makulli a cikin ruwan sama, kan cakulan ɗin ya leƙo daga aljihun rigarsa. Kekenta na kusa da nasa. Ta sunkuya tana kwance sarƙa.

"Rosalba."

"Na'am?"

"Ke da kike baƙuwa, ki gaya mini gaskiya." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Shekara guda ana shiga ɗaki ɗaya da ni, a ce ba a ga komai ba? Ko tumbin nan?"

Baitocin suna kan harshenta, duk shafi ukun, ba wanda ta manta. Ta san in ta saki guda ɗaya kawai, na gemun ko na matar, zai kwashe da dariya ya daki sirdin kekensa, ya koma gida a warke. Ya tsaya yana jira, ruwa na sauka daga gemunsa.

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda aka tarar a tashar bas.

"Wane tumbi?" ta ce.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali fuskarsa ta canza.

"Ke ce."

"Ni kuma? Haba Douwe." Ta goge sirdinta da hannun riga, ta kunna fitilar gaba. "Sinterklaas ne."

Ta hau kekenta ta fita titi, ta bar shi tsaye da makulli a hannu.