Layin Marasa Aikin Yi

Musbahu ya tura babur ɗinsa bayan rumbu, ya lulluɓe shi da karan dawa, sannan ya tsaya yana dariya shi kaɗai. Tun da ya fara acaɓa bai taɓa zuwa Safana a ƙasa ba, amma yau dole ƙafa ta yi aikinta. Wanda za shi layin marasa aikin yi ai ba ya isa can a kan babur.

Abokinsa Hafizu ne ya kwaso labarin daga kasuwar Batsari. Wai wasu mutane sun zo daga birni suna tambayar wa ke da aiki, wa ba shi da shi. Wai kamfanin matsar man gyaɗa za a kafa, kuma duk wanda ya ce zaune yake, shi za a fara ɗauka. Kafin labarin ya gama zaga garinsu Zakka, kamfanin ya zama bene, ya sami motar ɗaukar ma'aikata, har da shayin safe.

Hafizu na jiransa a bakin hanya, sanye da rigar da ya daɗe yana goge takalmi da ita.

"Cire hular nan," in ji Hafizu. "Wa zai yarda mai irin wannan hula yana neman taimako?"

Musbahu ya cusa ta a aljihu.

"Kuma ka rufe haƙoran nan. Mara aiki ba ya fara'a."

"Na kasa ne, wallahi. Ka duba fa, albashi duk wata. Ranar da baban Ikilima ya gan ni cikin rigar kamfani, magana ta ƙare."

Maganar kuwa ita ce ta hana shi sukuni tun damina. Magabatansa sun je wajen Malam Tayyib, mai sayar da hatsi a Safana, neman auren 'yarsa Ikilima. Dattijon ya karɓe su da mutunci, amma ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da tsayayyar sana'a ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da suka isa filin makarantar firamare, sai suka tarar ashe duk Safana ba mai aikin yi. Ga tela da zare maƙale a kafaɗa. Ga mai faci yana ɓoye baƙaƙen hannuwansa a hammata. Ga Maigandi mahauci, ƙanshin ƙuli da hayaƙi na tashi daga jikinsa, yana gaya wa na kusa da shi cewa rabonsa da riƙe wuƙa tun bara. Kowa ya ɓata fuska, kowa na danne dariya. In ido biyu suka haɗu sai a ji wani ya sheƙe, ya mayar da ita tari.

Musbahu ya shiga layi bayan wani dattijo mai koɗaɗɗiyar riga. Yana cikin gwada fuskar tausayi, dattijon ya waiwayo. Malam Tayyib ne.

Kafin ya yi wani tunani, takalmansa sun bar ƙafarsa, gwiwoyinsa sun kai ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Musbahu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen Zakka?"

Aka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa abin da ya kawo shi. Malam Tayyib ya mai da ido kan itacen bedi. Musbahu kuwa ba dama ya miƙe tsaye a bayan wanda yake fatan ya zama surukinsa, ba dama kuma ya bar layi. Duk sanda aka matsa gaba, sai ya matsa a tsugune, takalmi a hannu, kamar agwagwa. Hafizu na bayansa yana cizon wuyan riga.

A ƙarƙashin bedin wata mata ce zaune da babbar waya a hannu, ta ce sunanta Deborah. Mutum bibbiyu take kira saboda yawan jama'a. Malam Tayyib ya zauna a benci. Musbahu ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan, don ba a haɗa wurin zama da suruki.

Da shi ta fara. "Malam Musbahu, a satin da ya wuce ka yi wani aiki da ya kawo maka wani abu, ko da na ɗan lokaci ne?"

Amsar na bakinsa, tun daga Zakka yake bitar ta: zaune nake. Sai ya saci kallon dattijon, ya ga ya karkato kunne. In ya faɗe ta, da bakinsa ya shaida wa uban Ikilima cewa shi ba komai ba ne. In bai faɗa ba, rigar kamfani ta tafi. Hafizu na ta yi masa alama da gira.

"Na yi acaɓa," ya ce a hankali.

"Shi ke nan?"

"Na cire gyaɗata. Ranar kasuwar Batsari na yi dako. Ina kai wa matan unguwa niƙa. Da yamma kuma ina cajin waya a ƙofar gida." Ya ɗan ɗago kai. "Ke nan ba za a ɗauke ni a kamfanin ba, ko Malama?"

"Wane kamfani?"

"Na man gyaɗa."

Deborah ta ajiye wayar a cinya. "Daga jami'a muke. Bincike muke yi, mu ga yadda mutane ke samun abinci, da abin da suke ajiyewa saboda tsufa, da ko masana'anta za ta amfani wuri irin wannan. Ba mu ɗaukar kowa aiki. Tun safe nake faɗa, duk wanda na gaya wa sai ya ce ya gane, ya ƙyafta mini ido."

Maganar ta bi layi ta koma baya, baki zuwa kunne. Maigandi ya tuna ya bar nama a wuta. Tela ya tuna ana jiransa da ɗinkin biki. Fili ya ɓarke da dariya, marasa aiki suka watse da sauri, kowa ya nufi wurin aikinsa.

Malam Tayyib bai tashi ba.

"Baba, kai fa?" in ji Deborah. "Mece ce sana'arka?"

"Hatsi nake saye ina sayarwa, 'yar nan. Ƙarfin ne ya fara ja da baya. Na ce ko gadi zan samu a kamfanin."

Musbahu ya sunkuyar da kai. Shi duk a zatonsa koɗaɗɗiyar rigar irin ta Hafizu ce.

"To me ka tanada saboda ranar da ba za ka iya fita kasuwa ba?"

"Shanu ne. Duk abin da na samu tun ina saurayi, a kansu na zuba. Suna wajen mai kiwona a Tsaskiya, 'yan daji suka kore su gaba ɗaya."

"Allah ya mayar da alheri. 'Ya'ya maza fa?"

"Mata Allah ya ba ni."

Ta dubi wayar. "To wajen tanadi in sa babu?"

Dattijon ya daɗe yana murza gemu. Bai dubi Musbahu ba, da haɓa kawai ya nuna shi.

"Sa wancan."

"Ɗanka ne?"

"Mijin 'yata ne, bayan kaka in Allah ya kai mu. Ni abu ɗaya na dogara da shi, kin ji yadda ta kaya. Wannan kuwa ko an ƙwace masa ɗaya, da saura."

Wani daɗi ya taso wa Musbahu tun daga tafin ƙafa. Ba a dariya a gaban suruki, sai ya dafe baki da hannu bibbiyu, kafaɗunsa na rawa. Hafizu ya kwanta a ƙasa yana bugun turɓaya.

Deborah ta gama rubutawa, ta juyo. "Malam Musbahu, kai na manta ban tambaye ka ba. Me ka tanada wa naka tsufan?"

Musbahu ya sauke hannu daga baki, idonsa a ƙasa.

"Malama, bari in gama da na Baba tukuna."