Tsagar Injin Baba Intalla

"Baba Intalla, don Allah ka kashe shi," na ce da ƙarfi, don ƙarar injin ba ta barin a ji magana. Ɗiyata Ramla tana goye a bayana, zufa ta manne mu da juna.

Bai kashe ba. Ya yafito ni, ya ɗauko wata 'yar fankar ƙarfe da ba ta wuce tafin hannuna ba, ya nuna mini gindin fiffikenta. Sai da na matso sosai na ga layin tsaga, siriri kamar gashi.

"Wagga na cire bara daga turbo, nan cikin injin ga. Ta ciki ma ta fara tsagewa, na gani da idona. Ƙarfen ga da nikel aka haɗa shi, yana yin jawur bai narke ba. Abin da ba ya so, a gasa shi ya huce, a gasa shi ya huce. Duk kashewa da tayarwa, tsagar sai ta ƙara tafiya."

"In ta kai ƙarshe fa?"

"Ta tarwatse."

Na dubi bangon laka da ke gefen injin. Bayansa ɗakina ne, guda ɗaya tak, nan Ramla take kwana. Injin kuwa shi ke jawo ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, zuwa tankin da unguwarmu take sha, har masu raƙuma daga wajen Tagriss. Bazara ce, rijiyoyi sun ƙafe. An aika Maradi neman sabuwar fanka, Maradi sun ce suna jiran Kano. Mijina Saminu yana Agadas wurin aiki, ya ce in yi haƙuri. Na kai shimfiɗarmu bakin ƙofa, amma ɗakin taku nawa ne? Tsakar gida kuma rana ce tsagwaronta.

Washegari na ji ana jan abu a bayan bango. Na leƙa, na tarar tsohon ya jera buhunan rairayi tun daga ƙasa har tsayin ƙirjina, ya kafa kujerarsa tsakaninsu da injin.

"Baba, mi ke nan?"

"In fankar ta taso, ta fara gaisawa da ni. Fatata ta tsohon raƙumi ce, ɗiyata, ba ta hudawa da wuri."

"Wallahi ba wasa nike ba."

"Ni ma haka. Je ki shayar da amaryata, tana kuka."

Haka yake kiran Ramla. Daga ranar ya rage wa injin gudu, ya daina kashe shi sam, ya kuma daina tashi daga wurin sai salla. Kunnensa yana kan ƙarar, wai in ta canza zai kashe shi kafin fankar ta tarwatse. Lungun ba iska, kwanon rufi yana zubo zafi, hayaƙin man gazuwal yana komawa kansa. Matarsa Inna Hamsatu takan tsaya bakin rumfar injin da kwanon tuwo tana faɗa: "Kai da injin ga, ban san wa zai riga wani ba!" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ni kuwa na ji sanyi a raina da zamansa a wurin. Ramla ta soma barcin rana, ni ma ina ɗan runtsawa.

Ranar Talata bayan azahar na kai masa ruwan randa. Rawaninsa ya zame kan kafaɗa, hannunsa ɗaya yana bisa buhu. Na kira shi, na sake kira da ƙarfi, ina cewa ƙara ce ta hana shi ji. Da na taɓa shi, jikinsa da zafi, amma zafin rumfa ne.

Inna Hamsatu ba ta yi ihu ba. Ta gyara masa rawani, ta zauna ƙasa tana salati. Maza suka zo, lungun ya yi musu ƙunci, sai da suka rushe buhunan suka samu fitar da shi. Aka bi gawa cikin gida. Injin yana ta aiki, bangon ɗakina tsirara, Ramla tana barci a bayansa.

Mata suna layi da bido, jarkokin ɗibar ruwa, a bakin famfo. Maƙwabciyata Rabi'atu ta ga inda na nufa.

"Nuriyya, kar ki taɓa shi! In ya mutu wa zai tada mana? Mi za mu sha?"

"Wa zai zauna ya saurare shi? Ke?"

Ta dubi tanki. Ni ma na duba, ruwan bai kai rabi ba. Da shi za a yi wa Baba wanka, da shi zan dama kunun Ramla gobe.

Na rage gudun yadda na sha ganin yana yi a da, na bar shi ya ɗan huce, sannan na murɗa makulli.

Unguwa ta yi tsit, har na ji kukan akuya daga nesa. A cikin rumfar, ƙarfen injin yana ta ƙas, ƙas, a hankali, yana sanyi. Ta bayan bango Ramla ta farka, tana gwalantu ita kaɗai.