Shanu a Cikin Matiriks

Malamin da ke duba aikin ƙarshe na wata ɗaliba a sashen nazarin kiwo ya ja jan biro a kan shafin. A nan ta jera lambobi layi-layi cikin baka biyu, wato matiriks, don hasashen yadda garke zai ƙaru.

"Cire wannan," in ji shi. "Kayan 'yan lissafi ne. Mu nan shanu muka sani."

"Malam, injiniya da shi yake auna gada, masana tattalin arziki ma suna morarsa. Shanu ne suka yi laifi?"

"To, za ki maimaita shekara."

Ta tattara takardunta ta rungume.

"Allah ya kai mu, Malam. Kafin nan shanun sun haihu, sai mu shiga garken mu ƙirga tare."