Jan Ɗigo a Ƙafar Lamba Bakwai

Tana riƙe da zomo lamba bakwai lokacin da mai gyara ya rufe murfin na'urar lesa, ya ce ai wannan ta jima da mutuwa. Jan ɗigon da take gani na saiti ne kawai. Ainihin hasken da ke warkarwa ido ba ya ganinsa, kuma a ganinsa ya kai wata guda bai fita ba.

Ta ce to. Ta ma yi masa godiya.

Uwar Zomaye ake kiranta a sashensu na jami'a, don ita ce ɗalibar da ke kwasar kashinsu, ita ke sa musu ruwa. Zomaye ashirin aka yanka wa jijiyar agara aka ɗinke. Goma tana haska musu lesa daƙiƙa casa'in kullum, goma kuwa tana ɗora musu na'urar a kashe, don a kwatanta. Yau kwana ashirin ke nan. Gobe za a kashe su duka a duba jijiyoyin, ta rubuta sakamako, ta karɓi digirinta.

Ashe duk ashirin ɗin a kashe take ɗora musu.

Ta zauna a kan kujerar roba, zomon a cinyarta. Ta jira kuka bai zo ba. Sai ta kama ƙirga ramukan da ke jikin silin. In ta faɗa, an yanka waɗannan a banza, a kawo wasu ashirin a sake yankawa, ita kuma ta ƙara shekara. In ta yi shiru, mai gyara ya riga ya tafi, kuma zomo ba ya magana.

Farfesan da ke duba aikinta ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa gaban keji yana nishi.

"Uwar Zomaye, kin ga 'ya'yanki na haske? Dubi yadda suke taka ƙafa. Ko makaho ya ga bambanci."

Ta duba. Ita ma jiya ta ga bambancin.

Ya ce ta yi wa na hannunta haskawar ƙarshe yana kallo. Ta sa baƙin gilashin kariya, ta miƙa masa nasa, ta ɗora jan ɗigon a kan ɗinkin. Ƙafar da ɗumi, tana ɗan rawa. Suka tsaya su biyu cikin gilashi, suna kare idanunsu, har agogon na'urar ya yi ƙara.

Ta cire gilashin, ta ninke shi.

"Malam," ta ce, "wa ke sayar mana da zomaye?"