Rawanin Ɗangiwa da Geron Inna Marka

A shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a Fakku, Arzika malamin gona ya yi wa innarsa Marka alkawarin jirgin sama. Ko keken kansa ba shi da shi, babur ɗin da yake hawa ma na ƙaramar hukuma ne, amma haka ya dafa ƙirji a tsakar gidanta ya ce jirgin feshi zai zo kafin tsuntsaye su gama da geronta. Gonar nan ita kaɗai tsohuwar ke da ita, kuma ita ke ciyar da ita duk shekara.

Matsalar ita ce shaida. Manyan ma'aikatar gona a Sakkwato sun ce kowane ƙauye kukan tsuntsu yake yi, jirgi kuwa ɗaya ne, don haka sai wanda ya kawo hoto. To, zamanin arzikin man fetur ne, ofishinsu na Tambuwal ya sayo sabuwar kyamara, irin mai saita kanta. Ba ka murɗa komai, ita ke zaɓen abin da za ta fitar tas. Arzika ya rataya ta a wuya yana tafiya a karkace, har masallaci ya so shiga da ita.

Kafin ya isa Fakku labari ya riga shi. Ya tarar da mai unguwa Ɗangiwa tsaye a bakin gonar Marka, ya sha babbar riga, ya naɗa rawani, ga dattawa jere a bayansa. Kowa ya fesa turare, sai ka ce kyamarar hanci gare ta.

"Ranka shi daɗe, tsuntsaye niz zo ɗauka," in ji Arzika bayan ya durƙusa ya gaishe shi.

"To mi ya hana? Ɗauki abinka," in ji Ɗangiwa. "Amma kyamarar gwamnati ba ta shigowa garinga ta ɗauki tsuntsu ta bar mai gari. Mi za a ce Sakkwato, Fakku ba mutane?"

Arzika bai da bakin da zai ce wa dattijo ya matsa gefe. Aka buga gwangwani, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya kamar hayaƙin ƙonar daji, har rana ta dushe. Ya ɗaga kyamara sama, Ɗangiwa ya yi ɗage don rawani ya samu shiga. Ya koma hagu, mai unguwa ya bi shi da murmushi. Ita kuwa kyamara, ashe halinta ɗaya da na ma'aikatan zamaninta: wanda ya fi kusa, ya fi cika ido, shi take yi wa aiki. Tsuntsu mai gudu a nesa ba ta da lokacinsa.

Arzika bai san wannan ba, don hoto ba ya ganuwa sai an wanke. Ya kai fim Sakkwato aka wanke, ya karɓi ambulan, bai ko buɗe ba, wai inji ba ya kuskure. Kai tsaye ya miƙa wa babban jami'i.

Jami'in ya baje hotuna a kan tebur. Ɗangiwa ya fito ras, har jan goron haƙoransa da zaren aikin rigarsa ana gani. Bayansa kuwa dishi-dishi ne kawai.

"Ina tsuntsayen?"

"Ga su nan, yallaɓai, bayan rawani."

Jami'in ya kankari wurin da farce. "Wannan ai datti ne. Kuma mutanen da ke dariya haka cikin shadda ba su yi mini kama da masu matsala ba." Jirgi ya tafi wani gari.

Ranar da Arzika ya koma Fakku, zangarkun gero na tsaye fayau, babu ƙwaya ko ta magani. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ɗangiwa dai ya yi murna ƙwarai, ya kwashe hotuna ya raba wa surukai, ya bar guda ɗaya a kai wa mai gona.

Marka ta karɓa, ta kawo shi dab da idonta.

"Wanga dai mai unguwa na. Ina gonata?"

Arzika ya nuna mata wani ɗan kore-kore a gefen kunnen Ɗangiwa. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta goge hoton da bakin zanenta.

"To, aje mini shi inda ɓera ba ya kaiwa, ɗana," ta ce. "Geron bana ke nan duka."